Gafalar Barewa da Amanar Maharbi

Duk wanda ya zauna a unguwar Sharafiyya ta birnin Jidda, inda Hausawa mazauna da alhazai masu wucewa suke cuɗanya tun zamanin da tsohon filin jirgin sama yake nan kusa, kafin a buɗe sabon a arewacin gari cikin 1981, ya san cewa hirar bayan lisha ba ta rasa komawa gida, in kuwa ta koma gida, ba ta rasa shiga daji. A cikin dattawan da ke zaman akwai 'ya'yan maharba da jikokinsu, waɗanda suka ga kwari da baka rataye a zaure, suka ga yadda ake ɗaura kan burtu a goshi a sunkuya a nufi garke. Abin lura a zancensu shi ne harbi kaɗan ne a ciki, galibinsa labarin kallo ne da haƙurin kwanto.

Maharbi ya sani cewa namijin barewa, wanda a sauran kwanakin shekara karyewar kara ɗaya ta isa ta tashe shi, yana da wani lokaci da hankalinsa yake barinsa, wato lokacin barbara. A nan Jazirar Larabawa, ga barewar rairayi da ake kira rim, wannan lokaci yana faɗowa ne da kaka, daga wajen watan Oktoba, sa'ad da wuyan namiji zai kumbura, ya keɓe wa kansa fili, ya yi masa iyaka da tarin kashi da fitsari da wani maiƙo mai wari da ke fita daga ramin gaban idonsa, ya wuni yana tare mata yana korar abokan hamayya da ƙaho, ya rage kiwo har ramarsa ta bayyana. Sa'an nan, bayan ciki na wata biyar da 'yan kwanaki, mata su haihu wajen Maris da Afrilu, sau da yawa tagwaye. A cikin waɗannan makonni dabbar da ta saba shaƙar iska kafin kowane taku takan tsaya a sarari, kanta a ɗage, idonta a kan kishi.

To, ga mas'alar da nake so mu duba. Mutumin da ya shekara yana karantar wata halitta har ya gane sa'ar da take gafala, shin wannan ilmi ya ba shi iko ne a kanta kurum, ko kuwa ya ɗora masa wani haƙƙi wanda jahili bai ɗauka ba?

Idan aka tambayi fiƙihu, amsarsa a fili take. Farauta halal ce da sharuɗɗanta, a ambaci sunan Allah wajen sakin kibiya ko kare, kuma ban san wani babi da ya haramta harbin namiji don yana neman mace ba. Amma Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, a cikin Risalar da almajirin ƙasar Hausa yake biyawa tun yana matashi, ya raba farautar wasa da wadda ba ta wasa ba, ya karhanta ta farko ya halatta ta biyu. Malaman Malikiyya na baya kuma suka faɗaɗa, suka nuna cewa tana iya zama wajibi ga wanda iyalinsa za su halaka da yunwa, tana iya zama haram ga wanda ke kisa ba da nufin yanka da ci ba, ko wanda ta shagaltar da shi ga barin salla. Ashe hukunci yana bin niyyar mai baka da halin da yake ciki.

Mazaunin Sharafiyya yana da wata hujja a bakin ƙofarsa wadda na gida ba shi da ita. In ya kama hanyar Makka, kafin ya isa zai wuce alamun iyakar Harami a Shumaisi, kusa da inda aka yi sulhun Hudaibiyya, kuma daga nan dabbar da ke halal gare shi taku kaɗan a baya ta zama ko razana ta bai halatta ba. Haka nan mai harama da hajji ko umra, ko da yana nesa da Makka. Suratul Ma'ida ta bayyana cewa Ubangiji zai jarraba muminai da abin farauta wanda hannuwansu da masunsu za su iya kaiwa gare shi, domin a san mai tsoronsa a ɓoye. A lura da kyau, jarrabawar tana cikin sauƙin kamun, domin barin abin da ya gagare ka ba taƙawa ba ce. Namijin barewa a cikin gafalarsa ta kaka, a ganina, irin wannan abin farauta ne da aka kawo kusa da hannu. Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya hukunta akuya a matsayin fansa ga wanda ya kashe barewa cikin harama, kuma a wata shari'a bai yanke shi kaɗai ba sai da ya kira Abdurrahman ɗan Aufu suka yi hukunci tare. Halifa guda da babban sahabi, a kan ran barewa ɗaya!

Mai jayayya zai ce wannan hukuncin Harami ne da harama, kada a shimfiɗa shi a dajin Allah. Ya yi gaskiya ta fuskar nassi, kuma ba ni da ikon haramta abin da shari'a ta halatta. Sai dai halascin da magabata suka sani ya zo ne a zamanin da maharbi yake tafe a ƙasa ko bisa dabba, kibiyarsa ba ta wuce 'yan taku, ƙishirwa tana mayar da shi gida, ta yadda gajiyawarsa da kanta ta kasance katanga ga dabbobi ko bai yi nufi ba. Da mota da bindiga suka shiga sahara a tsakiyar ƙarni na 20, katangar ta faɗi. Maririn Larabawa, wanda mawaƙansu suka daɗe suna kwatanta idon kyakkyawa da nasa, ya ƙare a daji a 1972, aka kashe na ƙarshe a ƙasar Oman. Ɗan'uwansa na Sahel, wanda a da yake kiwo a arewacin Nijar da Chadi, an ayyana ƙarewarsa a daji a shekarar 2000.

Abin da ya dawo da su kuwa shi ne wannan ilmi na kallo, sanin lokacin barbara da tsawon ciki da yawan matan da namiji guda zai iya riƙewa. Saudiyya ta kafa hukumar kiyaye namun daji a 1986, aka riƙa kiwon mariri a wata cibiya kusa da Ɗa'ifa, aka sake shi a killataccen dajin Mahazatus Saidi a 1990, sa'an nan a Uruƙu Bani Ma'arid, gefen Rub'ul Hali, a 1995. Chadi ma ta fara sake nata a 2016. Idon da ya san inda namiji ke tara kashinsa domin ya yi masa kwanto, shi ne idon da ake bukata domin a ƙidaya garke a tsare shi, kuma saboda haka nake ganin cewa wanda ya sani ya fi wanda bai sani ba nauyin tambaya ranar hisabi, domin shi kaɗai ya san cewa kibiyar da ta kayar da gawurtaccen namiji a Oktoba ta rage 'ya'yan Afrilu.

Saura magana ɗaya mai nauyi, wadda dattawan Sharafiyya ba sa barin a tsallake ta. Maharbin ƙauye a yankin Dakoro, kusa da gandun Gadabeji da aka keɓe tun 1955, ko na kewayen Yankari a Bauci, ba shi ne ya ƙarar da daji ba, amma sau da yawa shi doka take fara kamawa, alhali masu jerin motoci da takardar izini suna wucewa a gabansa. Keɓe daji tsohon abu ne a Musulunci, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u, Umar ya keɓe Rabaza. Amma da Umar ya naɗa baransa Hunayyu mai tsaron makiyayar da ya keɓe, ya umarce shi ya sassauta wa jama'a, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya hana garkunan Ɗan Aufu da na Ɗan Affana shiga, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, shi kuwa talaka sai dai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar halifa.