Makarantar Da Ke Gina Hali: Darasi Daga Waliyyi Yohanna Bosko



Da wuya mutum ya shiga makaranta a yau bai tarar an rubuta takenta da manyan baƙaƙe a bakin ƙofa ba: ilimi, ɗa'a, tsoron Allah. Fenti ba shi da tsada. Amma yaro ba daga jikin bango yake ɗaukar hali ba. Yana ɗaukarsa ne daga yadda aka karɓe shi ranar da ya makara, da abin da aka yi masa ranar da zazzaɓi ya kama shi a aji, da kuma abin da ya ga malaminsa yana yi sa'ad da hedimasta ba ya nan. Tun da yake a ranar 31 ga Janairu Ikkilisiya take tunawa da Waliyyi Yohanna Bosko, uban matasa, na ga ya dace mu yi tunani a kan makarantarsa.

An haifi Bosko a shekarar 1815 a wani ƙauye na arewacin Italiya, mahaifinsa kuwa ya rasu tun bai cika shekara 2 ba. Da aka naɗa shi firist a 1841, sai malaminsa, Fada Yusufu Kafaso, ya riƙa zuwa da shi gidajen kurkuku na birnin Turin. Can ya ga tarin samari masu ƙarfi da basira suna zaune cikin ƙazanta da kwarkwata, ba aiki, ba mai zuwa gaishe su. Yawancinsu 'yan ƙauye ne da suka shigo birni neman abin kai wa baki. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne, idan an sake su, ba a daɗewa sai a komo da su, domin babu kowa a waje da ya damu da su.

Shi da kansa ya ba da labarin yadda aikin ya soma. Ranar 8 ga Disamba 1841, yana shirin Misa, sai ya ji mai kula da kayan bagade yana dukan wani yaro yana korarsa, wai don bai iya yi wa firist hidima ba. Sunan yaron Bartalomi Gareli, maraya ne mai aikin gini, ɗan shekara 16, bai iya karatu ba. Bosko ya sa aka kira shi, ya ce abokinsa ne. Bayan Misa ya zauna da shi, ya tambaye shi sunansa da garinsu, suka yi addu'a tare. Da Lahadi ta zagayo, yaron ya dawo da abokansa. Ku lura, 'yan'uwa, a cikin coci aka yi wannan duka. Haka ma almajiran Ubangijinmu suka tsawata wa masu kawo yara, har ransa ya ɓaci da su (Markus 10:13-16).

A 1846 ya sami wata rumfa a unguwar Baldoko, mahaifiyarsa Margarita ta bar ƙauye ta zo ta zama uwar yaran, tana dafa musu abinci, tana ɗinke musu tsummoki har rasuwarta a 1856. Daga 1853 aka fara koyar da ɗinki da dukanci, daga baya kafinta da buga littattafai. Waɗanda suke koyon sana'a a cikin gari kuwa, Bosko yakan je ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da iyayen gidansu, cewa za a biya su hakkinsu, za a ba su hutun Lahadi, kuma idan sun yi kuskure da baki za a gyara musu, ban da duka. Ya gane cewa yaron da yunwa ke ci, ko wanda tsoro ya cika cikinsa, ba ya jin wa'azi.

Wannan hanya ya kira ta tsarin rigakafi, ya kuma rubuta bayaninta a 1877. Ta tsaya a kan abu uku: hankali, da addini, da ƙauna mai taushi. A bayyana wa yaro dalilin doka, malami kuma ya kasance a tsakiyar yara kullum, a filin wasa da wurin cin abinci, har damar yin ɓarna ta ragu. Kowane dare kafin barci yakan faɗa musu 'yar gajeriyar magana a kan abin da ya faru a yinin. Me wannan ya haifar? Sa'ad da annobar amai da gudawa ta auka wa Turin a 1854, mutane suna gudun 'yan'uwansu, samarin Baldoko da dama suka fita jiyyar marasa lafiya. 'Ya'yan titi ke nan, waɗanda dā kurkuku ke jiransu. A wannan gida ne kuma Dominik Sabiyo ya yi karatu, wanda ya rasu a 1857 yana da shekara 14, Ikkilisiya ta sanya shi cikin waliyyai a 1954.

Na san abin da wani dattijo zai ce: “Fada, mu da bulala aka tarbiyyantar da mu, ga shi mun zama mutane.” Ni ma na sha ta, baba. A wata makarantar kwana da na yi, manyan ɗalibai sukan tashe mu da tsakar dare su sa mu tsallen kwaɗo, malamai kuwa suna can gidajensu suna barci. Abin da muka koya shi ne ɓoye laifi, da jiran shekarar da mu ma za mu girma mu rama a kan ƙanana. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ɗanyen ma yakan tsage idan hannu ya yi nauyi. Manzo Bulus ya gargaɗi iyaye maza kada su tsokani 'ya'yansu har su fusata (Afisawa 6:4), malami kuwa a matsayin uba yake. Bosko bai hana horo ba. Ya fi son a kira mai laifi gefe, bayan fushi ya huce, ba tare da an kunyata shi a gaban jama'a ba.

Kada mu ɗauka cewa sunan waliyyi a kan allon makaranta ya isa. Tun Bosko yana raye, gidansa ya fara sanyi. A wasiƙar da ya aiko daga Roma a watan Mayu 1884, shekara 4 kafin rasuwarsa, ya koka cewa malamai sun janye daga filin wasa, suna tsaye nesa suna sa ido kamar masu gadi. Ya tuna musu cewa ƙaunar yara a zuci ba ta wadatar ba, sai yaran sun gane da kansu ana ƙaunarsu. In haka ta faru a Baldoko, wace makarantar mishan ce za ta ce ta fi ƙarfin wannan?

Mu iyaye ma da namu laifin. Tambayarmu ɗaya ce: yara nawa suka ci jarrabawa? Har akwai masu zuwa Misa da safe, da yamma su biya kuɗi a rubuta wa ɗansu amsa. Makarantar da ta karɓi wannan kuɗi ta koya wa yaron darasin da zai bi shi har ofis da kasuwa da gidan aure. Ku kuma masu makarantu, malamin da ya yi wata uku ba albashi, da wace zuciya zai zauna ya saurari kukan ɗan wani?

Saboda haka ina roƙon kowane uba da uwa, da shugabannin Zumuntar Mata da na majalisar coci, kafin zangon nan ya ƙare ku ziyarci makarantar 'ya'yanku ba tare da kun aika da sanarwa ba. Ku je lokacin tara, sa'ad da yara suke waje. Ku duba ruwan sha da bayan gida da ɗakin marasa lafiya. Ku tambayi ɗanku wane malami zai nufa idan wani abu ya dame shi, ku ji ko zai ambaci suna. Sa'an nan ku tsaya a inuwa ku duba filin wasa, ku ƙirga malamai nawa ne suke cikin yaran.