Mai Kaza A Aljihu: Tsokaci A Kan Ɗaukar Libarba A Ɓoye

A ƙasar Amurka akwai wata tambaya da mutum kan shiga kanti ya yi ba tare da ya rage murya ba, kamar dai yadda ɗayanmu zai tambayi kuɗin takalmi. Tambayar kuwa ita ce: wace ƙaramar libarba ce ta fi dacewa mutum ya riƙa sakawa a aljihu kullum in zai fita, ba tare da kowa ya gane yana ɗauke da ita ba? Mai kanti ba zai yi mamaki ba. Zai ɗauko iri uku ko huɗu ya jera masa a kan tebur, ya shiga bayanin nauyi da tsawo da yawan harsashi. A wannan maƙala muna so mu tsaya a gaban wannan tebur tare da mai sayen, domin a ganinmu duk bayanin da za a yi masa game da ƙarfen, akwai wata magana kwance a ƙarƙashinsa game da shi kansa da kuma mutanen da zai riƙa cuɗanya da su.

Bari mu fara da ita kanta bindigar. Libarba dai ita ce ƙaramar bindigar nan mai ganga a tsakiya, wadda kan juya ta kawo sabon harsashi bakin bututu. Samuel Colt ya yi rajistar ƙirarsa a Amurka a 1836, amma irin wadda ake yi musamman domin ɓoyewa ta yi tashe ne daga baya. A 1927 kamfanin Colt ya fito da Detective Special mai cin harsashi 6, da bututu inci 2. A 1950 Smith & Wesson suka fito da Chiefs Special, suka mai da harsashin 5 domin gangar ta sirance, kada ta yi tudu a jikin riga. A 1952 suka ƙara da Centennial, wadda aka rufe ƙarfen da ke sarar gindin harsashi a cikin jikinta, don kada ya sarƙe da yadi sa'ad da ake zaro ta. Da aka koma yin jikin da alminiyam sai nauyinta ya gaza rabin kilo.

Mu da muka saba da nazarin adabi mun san ba a sa kalma a baiti a banza, kuma muna zaton haka abin yake ga maƙera. Me ya sa ake neman marar nauyi? Masu sayarwa kan ce bindiga mai nauyi a gida ake barin ta, wadda kuwa aka bari a gida ba ta da amfani. Ke nan an rage nauyin ne domin kada a sami ranar hutu. Za ta bi mai ita ranar da ya tashi da farin ciki, ta kuma bi shi ranar da ya fito daga gida bayan cacar baki da iyali, da ranar da aka sallame shi daga aiki, da ranar da wani direba ya sha gabansa ya kuma zage shi. Gajeren bututun ma yana da tasa maganar. Bindiga ce mai wuyar saiti, mai shurin hannu, wadda in ba gwani ba da wuya ya sami abin da ya auna in an wuce 'yan taku kaɗan. An yi ta ne domin nisan da mutum biyu kan tsaya su gaisa. Wanda za a harba da ita, an ga fuskarsa, an ji muryarsa, galibi ma an yi musayar magana da shi. Abu ɗaya kawai muka gani a ƙirarta mai kama da jinkiri, wato taurin kunama, wadda sai yatsa ya ja nauyin da ya kai kimanin kilo 5 kafin ta tashi. Yawancinsu ba su da wani maɓallin tsaro da za a buɗe kafin harbi. Tsakanin zuciya da gawa, kilo biyar ɗin nan ne kurum.

To, kada a ɗauka muna musun haƙƙin kare kai. Ba mu san wata shari'a da ta ce mutum ya miƙa wuya a yanka ba. Malaman fiƙihu sun yi bayanin tunkuɗe mai kawo hari, suka kuma jera abin hawa-hawa: in magana za ta kore shi ba a wucewa zuwa sanda, in sanda za ta isa ba a zare takobi. Hujjar masu ɗaukar bindiga ma ba abin rainawa ba ce. Suna cewa ɗan sanda sai bayan an yi ɓarna yake isowa, kuma tsohuwa ko macen da ke tashi daga aiki da tsakar dare ba ta da wani abin da zai daidaita ƙarfinta da na ƙato in ba wannan ɗan ƙarfe ba. Ko Martin Luther King, wanda duniya ta sani da gwagwarmayar lumana, da aka jefa bam a gidansa a Montgomery a watan Janairu na 1956, matarsa da jaririyarsa suna ciki, ya nemi lasin ɗaukar bindiga, hukuma ta hana shi. Wanda bai taɓa kwana da irin wannan tsoro ba, ya kamata ya yi wa bakinsa linzami. Dokar Amurka kuwa ta daɗe tana karkata wajensu. Gyara na biyu na tsarin mulki, na 1791, shi ne tushe. Jihar Florida ta sauƙaƙa ba da lasin a 1987, jihohi da dama suka bi sahu. A 2022 Kotun Ƙoli ta soke sharaɗin jihar New York na cewa sai mutum ya kawo dalili na musamman kafin a ba shi. Fiye da rabin jihohin ƙasar ma sun daina neman lasin ɗin gaba ɗaya.

Inda muke da ja shi ne wajen kalmomi biyu: ɓoyewa da kullum. Abin mamaki, su kansu Amurkawan farko ɓoyewar suka fi ƙyama. Jihohin Kentucky da Louisiana sun haramta ɗaukar makami a ɓoye tun 1813, kuma a 1850 babbar kotun Louisiana ta tabbatar da dokarta bisa hujjar cewa makami a fili yana sanya mutane a matsayi ɗaya, ɓoyayye kuwa kayan mamaya ne da kisan mummuƙe. Bahaushe ba zai sha wuyar fahimtar wannan ba, domin ya san bambancin takobin da aka rataya a kafaɗa kowa na gani da wuƙar da aka ɗaura a damtse aka saki hannun riga a kai. Mai takobi ya sanar da kai, sai ka san irin maganar da za ka yi da shi, ko ka canza hanya. Mai ɓoyayyar wuƙa ya san wani abu game da hirarku wanda kai ba ka sani ba: ya san inda za ta iya ƙarewa. Kana gardama da shi a kan canjin kuɗi, kana zaton mafi munin abin da zai faru shi ne zagi ko mari, alhali shi ya riga ya shigo da mutuwa cikin lissafin ba tare da ya shawarce ka ba.

Masu kare ɓoyewar suna da amsa, kuma amsa ce mai ma'ana. Sukan ce ɓoyewa ladabi ce, don ba ta razana jama'a, sa'annan in ɗan fashi bai san wane ne ke ɗauke da bindiga ba, to zai ji shakkar kowa, har wanda bai ɗauka ba ya ci albarkaci. Amma shakkar ba a kan ɗan fashi kaɗai take tsayawa ba. In kowa na iya zama mai bindiga, to duk hannun da ya nufi aljihu ya zama abin tsoro, ko da hankici ya je ɗaukowa. A watan Yuli na 2016, a jihar Minnesota, ɗan sanda ya tsai da motar wani baƙar fata mai suna Philando Castile. Castile yana da lasin, ya kuma faɗa wa ɗan sandan da bakinsa cewa yana ɗauke da bindiga. Cikin 'yan daƙiƙoƙi aka harbe shi har lahira a gaban budurwarsa da ƙaramar 'yarta, a 2017 kuma kotu ta wanke ɗan sandan. Bindigar da ya ɗauka domin ta tsare shi ba ta ko bar aljihu ba.

Masu iya magana kan ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. An fi yin wannan karin magana ga marar gaskiya, amma muna ganin ta dace da duk wanda ke ɗauke da wani abu a ɓoye, domin abin da ke aljihu yakan canza yadda kunne ke ji. Labarin Bernhard Goetz ya isa misali. An taɓa yi masa fashi da duka a New York a 1981, ya nemi lasin aka hana shi, sai ya sayo libarba ta Smith & Wesson mai harsashi 5 daga Florida, irin dai wadda muka siffanta, ya riƙa yawo da ita a ɓoye. Ran 22 ga Disamba, 1984, a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, wasu samari baƙar fata su huɗu suna kusa da shi, ɗayansu ya neme shi da dala 5. Shi ya ce fashi suka zo yi. Su suka ce roƙo ne. Ya zaro ya harba harsashi biyar ɗin duka, ya raunata su huɗun, ɗayansu, Darrell Cabey, ya shanye daga ƙugu zuwa ƙasa, ƙwaƙwalwarsa kuma ta taɓu. A 1987 aka wanke Goetz daga yunƙurin kisa, aka kama shi da laifin riƙe bindiga ba izini, ya yi wata 8 a kurkuku. A 1996 wata kotun ta yanke masa diyyar dala miliyan 43 ga Cabey.

Ba mu da ikon sanin abin da ke zuciyar samarin nan. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne hukuncin da babbar kotun jihar ta yanke a 1986 a kan shari'ar, cewa bai isa mutum ya ce shi dai ya ji tsoro ba, sai in mai hankali da ke tsaye a matsayinsa shi ma zai ga hatsarin haka. Alƙalai sun sami watanni suna auna wannan. Goetz kuwa a cikin ƙiftawar ido ya yi nasa awon, da zuciyar da ta shekara uku tana tafasa. Wanda ya sa libarba a aljihu ya amince ke nan ya zama mai ƙara da shaida da alƙali da hauni a lokaci guda, a shari'ar da ba a ɗaukaka ƙara. An ce magana zarar bunu ce. Ina ga harsashi?

Game da ƙididdiga ba za mu daɗe ba, don masanan kansu ba su daidaita ba. John Lott ya yi iƙirari a 1998 cewa yawan masu ɗauka yana rage laifi. John Donohue da abokan aikinsa suka fito a 2019 da sakamakon da ya nuna akasin haka. Gaskiya ne kuma bayanan jihar Texas sun nuna masu lasin ba su cika faɗawa cikin laifi ba, kuma masu koyar da su kan hore su da su fi kowa haƙuri da kauce wa rigima. Amma akwai adadi ɗaya da ba a jayayya a kansa. A 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu kuwa su suka harbe kansu. Mai sayen da muka bari a gaban tebur yana hango baƙon fuska a lungu mai duhu. Bai hango kansa ba a wani dare da bashi ko ciwo ko baƙin ciki zai danne shi, ga kuma abin a ƙarƙashin matashin kai, ba ya bukatar komai sai jan yatsa. Bai kuma hango ɗansa mai shekara biyar da ya iya buɗe durowa ba.

Don haka ne muke ganin cewa ga mafi yawan masu ɗaukarta, libarbar aljihu ta fi kusa da laya fiye da makami. Galibinsu za su tsufa ba su harbi kowa ba. Abin da suka saya shi ne natsuwar da sukan ji in sun shafa aljihu. Sai dai laya in ba ta yi amfani ba, ba ta tashi da kanta a hannun yaro. Ra'ayinmu shi ne, wanda ke fuskantar barazana sananniya, kamar matar da tsohon mijinta ya yi rantsuwar kashe ta, yana da uzurin da ba mai hankalin da zai ƙi. Wanda kuwa ba wanda ke nemansa, ya mai da ɗauka al'ada kamar ɗaura agogo, to ya ɗora wa maƙwabtansa hatsarin da ba su sani ba domin ya sayi kwanciyar hankalin kansa, ko da doka ta yarje masa. A nan Nijeriya Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, don haka tambayar mai kantin ba ta iso mu da wannan siga ba. Da gwamnatin Zamfara ta yi kira ga jama'arta a 2022 su nemi lasin bindiga saboda 'yan fashin daji, wasu sun yi ta kafa hujja da Amurka. Muna ganin kwatancin bai zauna ba. Ƙauyen da aka kewaye, mutanensa suka fito fili suna gadin iyalinsu, daban yake da mutum guda a cikin birni mai zaman lafiya da ke zaune kusa da kai a mota da abinsa a ɓoye.

Shi kuwa King, bayan an hana shi lasin, daga baya ya rabu da bindiga gaba ɗaya, har ya hana a ajiye ta a gidansa, bisa ganin cewa ba zai yiwu ya ja jama'a zuwa ga lumana ba alhali shi yana dogara da makami. Masu goyon bayan ɗauka sukan ce ai ga shi nan an kashe shi. Haka ne, an kashe shi ran 4 ga Afrilu, 1968, yana tsaye a barandar masaukinsa a Memphis. Da doguwar bindiga aka harbe shi, daga tagar wani gida a tsallaken titi, nisan kimanin mita 60, bai ma ga wanda ya auna shi ba.