Sisin Talaka da Amanar Ajiya

Akwai masu zaton tanadi kishiyar tawakkali ne, alhali kuwa da ajiyar hatsin shekara bakwai Annabi Yusufu, Alaihissalam, ya tsirar da Masar daga yunwa, kuma ya inganta cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara guda. Abin da shari'a ta zarga shi ne taskace dukiya a hana ta zakka. Mas'alar da ta fi wuya ita ce wurin ajiyar, domin talaka tun azal yana tanadi, ko cikin asusun ƙasa wanda sai an fasa shi ran larura, ko a hannun uwar adashi. Manyan bankuna ne suka raina abin hannunsa.

A shekarar 1810, sa'ad da bankunan Sikotlan ba sa buɗe wa mutum ajiya sai ya zo da fam goma, wani limamin coci mai suna Henry Duncan, ganin yadda 'yan ƙodagon ƙauyen Ruthwell ke tsufa hannu babu komai, ya buɗe musu gidan ajiya inda sisi ma ya wadatar. Niyyarsa abin yabo ce, sai dai ruwa yake ƙara musu kan ajiyarsu, wanda Musulmi mai taƙawa ba zai iya haɗiye shi ba.

Wannan ƙulli ne Dakta Ahmad al-Najjar, bayan ya nazarci bankunan ajiya na Jamus, ya yi nufin kwancewa a garin Mit Ghamr na Masar a 1963, inda manoman da suka ƙaurace wa banki saboda tsoron kuɗin ruwa suka fito da abin da suka ɓoye, da aka ce musu za a juya shi ne bisa ƙirali, wato su kawo jari, banki ya yi aiki, a raba riba ta halal, in hasara ta zo kuma mai jari ya ɗauka. A 1967 hukuma ta karɓe bankunan da ya kafa, tsarin ya wargaje.

A ganina hujja ta riga ta tsayu: talaka ba almubazzari ba ne, amintacce yake nema. Wajibi ne ga masu riƙe da ajiyar jama'a su karɓi sisinsa ba da wulaƙanci ba, su tsarkake masa shi daga haram, su kuma miƙa masa ranar da ya nema.