Dariyar Dandali Da Kukan Cikin Gida

 

Sanin kowa ne cewa a garuruwan ƙasar Hausa samari sukan kafa ƙungiya su shirya wasan kwaikwayo, ko a filin makaranta, ko a ɗakin taro na gari, jama'a su hallara su sha dariya. Abin da suka fi ɗauka kuwa shi ne gidan da ya rikice: maigida ba ya ba da cefane, uwargida da amarya ba sa ga maciji, 'ya'ya sun gagari kowa.

Wannan ba baƙon abu ba ne. A cikin tashen watan azumi 'yan mata sukan yi wasan Mairama da Daudu, inda suke kwaikwayon zaman aure. Daga baya marubuta suka bi wannan hanya. Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Jatau Na Kyallu, labarin attajirin da ya auro karuwa ta watsa masa gida da dukiya. Muhammadu Sada ya rubuta Uwar Gulma, inda Hayatu yake wulaƙanta matarsa Halima har magana ta kai gaban alƙali. An daɗe ana karanta waɗannan wasanni a makarantu, ana kuma nuna su a dandali.

To, mene ne hukuncin Musulunci a kan wannan al'amari? Malamai sun yi saɓani. Waɗanda suka hana sun kafa hujja da hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya yi alkawarin azaba ga mai shirya ƙarya don ya ba mutane dariya. Waɗanda suka halatta suka ce ƙarya ita ce wadda ake nufin yaudara da ita, alhali duk wanda ya zo kallo ya san buga misali ake yi. Suka ƙara da cewa Mala'ika Jibrilu ya zo wa Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) cikin siffar mutum yana yi masa tambayoyi, don sahabbai su koyi addininsu. Haka kuma Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallaci, Nana A'isha tana kallo, Manzon Allah yana kare ta.

Amma waɗanda suka halatta ɗin ma ba su saki linzami ba, sun gindaya sharuɗɗa. Na farko, kada a kwaikwayi wani sanannen mutum na unguwa, a ɗauko tafiyarsa ko in'inarsa ko rigimar gidansa, jama'a su gane shi ake nufi. Wannan ya tashi daga wa'azi ya koma cin nama da tonon silili, abin da Suratul Hujurati ta haramta a aya ta 11 da ta 12. Ya zo a hadisi cewa Nana A'isha ta taɓa kwaikwayon wani mutum, Manzon Allah ya nuna mata ba ya son ya kwaikwayi kowa ko da za a ba shi dukiya mai yawa. Na biyu, kada namiji ya ɗaura zane ya yi rangwaɗa da sunan mace, domin Buhari ya ruwaito la'ana a kan mai yin haka. Na uku, kada a yi izgili da salla, ko aya, ko wani hukunci na shari'a. Na huɗu, kada wasa ya cinye lokacin salla.

Sai dai babban abin tsoro yana wajen 'yan kallo. Sau da yawa akan ga magidanci ya ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki sa'ad da Hayatu yake zagin Halima, alhali shi kansa ya baro iyalinsa ba a ɗora tukunya ba. Laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango na wani. Allah Ya ɗora wa miji ciyarwa da tufatarwa gwargwadon ikonsa, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 233 da Suratuɗ Ɗalaƙi aya ta 7. Wanda ya yi dariyar mai tauye wannan haƙƙi, sa'an nan ya koma gida ya tauye shi, ya kafa wa kansa shaida ne cewa ya san abin mummuna ne.

Akwai kuma wuraren da ake tafi alhali wurin istigfari ne. Ɗan wasa yakan fusata ya danƙara wa matarsa saki uku a kalma ɗaya, ya watso mata kayanta waje, fili ya ruɗe da shewa. Risalar Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta bayyana cewa irin wannan saki bidi'a ne, kuma idan ya auku ya lazimci mai shi. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙi kuwa ta hana a fitar da mace daga ɗakinta a cikin idda. Idan yaro ya tashi yana ganin ana yi wa wannan ɓarna tafi, ranar da ya yi aure zai ɗauka haka namijin duniya yake yi.

Saboda haka wajibi ne masu shirya wasa su nuna cuta su kuma nuna magani. Suratun Nisa'i aya ta 35 ta yi umurni cewa idan an ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata, a ɗauko mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Kamata ya yi a ga waɗannan dattawa biyu a dandali kafin a ga alƙali, kuma a nemi malami ya duba wasan tun kafin a fito da shi.

Musulunci bai hana raha ba, domin Manzon Allah yakan yi barkwanci, amma ba ya faɗin komai sai gaskiya. Wanda ya je kallo ya ga aibinsa, ya koma ya nemi gafarar iyalinsa, ya ci riba. Wanda kuwa ya koma yana nuna gidan maƙwabcinsa da baki, ya sayi zunubi da kuɗin shigarsa.

Allah Ya zaunar da gidajen Musulmi lafiya, Ya sa ƙauna da jin ƙai tsakanin ma'aurata, amin.