Sifiri da safe, daidai da la'asar

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne. Sai dai ba su ce yaro ba ya ganin kome ba. Tambayar da nake so mu duba tare, ƴan uwana malamai, ita ce: idan yaro ya kasa a gabanmu, kasawar wa muka auna?

Lokacin da nake karantarwa a wata makarantar firamare tsakanin Agiye da Gazawa, akwai wata yarinya ƴar aji uku da na daɗe da yanke wa hukunci a zuciyata. Wata safiya na rubuta lissafi da Faransanci: an sayi kayan sefa 35, an ba da sefa 100, nawa za a mayar? Ta zura wa allonta ido har lokaci ya ƙare. Na sa mata sifiri kamar yadda na saba.

Da la'asar na same ta a tasha, bakin babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Tasawa, da tiren gyaɗa a ka. Na sayi ta dala 7, na miƙa mata dala 20. Ba ta ko yi jinkiri ba ta ce: "Mushe, ga dala 13 ɗinku." Sai da na isa gida abin ya faɗo mini. Dala ɗaya sefa 5 ce. Ke nan dala 20 ita ce 100, dala 7 ita ce 35, dala 13 kuwa 65. Lissafin da ta faɗi da safe shi ne ta ci da la'asar, da ka, cikin hayaniyar fasinja, inda kuskure ke da tsada, don uwarta za ta ƙirga ciniki da dare.

To, sifirin nan na wane ne? Ban auna lissafinta ba, Faransancinta na auna, sannan na rubuta sakamakon da sunan lissafi. Malami mai ba da shaida ne, kuma shaidarsa ba ta tsayawa cikin aji. Uban da bai iya karanta kalma ɗaya ta Faransanci ba ya san sifiri in ya gan shi. A gidan da ake auna hatsi kafin a kai ga kaka, sifiri uku ko huɗu sun isa a ce boko ba rabonta ba ne, a mayar da ita talla gaba ɗaya. Ban yi nufin shaidar zur ba. Amma wanda ya ba da shaida a kan abin da bai bincika ba, yaya za a kira shaidarsa?

Matsalar ta girme ni. Da yawa daga cikinmu mun yi karatu a zamanin da ake rataya wa yaro alamar kunya idan Hausa ta suɓuce masa a aji. Tun 1964 Abdu Mumuni ya yi kira, a littafinsa kan ilimi a Afirka, da a karantar da yara cikin harsunansu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta sa harsunan ƙasa tare da Faransanci cikin harsunan koyarwa, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Duk da haka doka ba ta shiga aji da ƙafarta, malami ne ke shiga da ita ko ya baro ta a ƙofa.

Wani zai ce wannan shagwaɓa yara ne: lissafin tasha ba ya wuce ƴan jikkuna, kuma yaro na bukatar rubutu da harsunan duniya. Na yarda. Ba cewa nake yarinyar ba ta bukatar malami ba. Cewa nake malami na bukatar sanin inda take tsaye kafin ya ce ta biyo shi.

Manoman yankinmu sun riga mu gane haka. An sha dasa itatuwa a jihar Maraɗi suna mutuwa. Daga shekarun 1980 aka koma ga kututturan da ake ɗauka matattu ne, alhali saiwarsu na da rai a ƙasa. A bar tofon, a zaɓi rassa masu ƙarfi, a rage sauran. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda ya yi wa ƙauyuka irin su Ɗan Saga suna, ya mayar da itatuwa cikin gonaki daga Agiye har Gidan Rumji. Mu kuwa muna ta maimaita cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mun manta da tambayar ina saiwarsa take.

Washegari na raba babban allo biyu, dala a dama, sefa a hagu, na yi tambayar da Hausa. Hannuwan da ban taɓa gani a sama ba suka tashi, har da nata. Daga nan muka taka zuwa Faransanci, sannu a hankali.

Abin da ta koya mini ke nan ba tare da ta sani ba: shirun yaro ba jahilci ba ne, kuma kafin in yanke hukunci a kansa, wajibi ne in tambaye shi ta hanyar da zai iya amsawa. Allah ya sa mu zama masu adalci ga amanar da aka ba mu.