Masu Tsaro A Ƙofar Makaranta

Sa'ad da Sanballat da Tobiya suka ƙulla wa Urushalima makirci, Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana (Nehemiya 4:9). Garun ya ƙare cikin kwana 52.

Yau tsagewar garun tana ƙofar makarantar firamare. Da an tashi, yara ƙanana sukan kutsa tsakanin 'yan acaɓa da motoci, ba babban da zai riƙe hannunsu. Ikkilisiya kuwa tana kan wannan titi, tana roƙon tsari kowace Lahadi. Ya kamata dattawa da Zumuntar Mata su raba kwanakin mako, mutum biyu su tsaya safe da rana su ƙetarar da yaran, su kuma sa ido a kan baƙon da yake yawan zagaya wurin alhali ba shi da ɗa a makarantar.