Amanar Farar Riga

Tun ranar da aka ɗauke ni karatun likitanci, babu wanda ya sake kirana da sunan yanka a Kibiya. Yaro da babba, "Likita". Gwaggona ta Rano har tunkiya ta sayar domin kuɗin littattafaina. A shekara ta huɗu barci ya ƙaurace mini, abinci ya fita raina, na riƙa kwana a gaban shafi ɗaya ban fahimci layi guda ba. Likitan ƙwaƙwalwa ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani. Sai tambaya ta tsaya mini a maƙogwaro: in na sauka daga wannan hanya domin in tsira da hankalina, na ci amanar mutanena?

Hujjar masu cewa in daure tana da nauyi. Mai naƙuda a ƙauyukanmu takan sha doguwar tafiya kafin ta ga likita, kuma kujerar da na samu wani ne ya rasa ta. Amma me jama'a suka ba ni amana? Ai rayukansu ne. Wanda ya ɓoye ciwonsa ya riƙe allura da hannu mai rawa, shi ya fi kusa da ha'inci. A 2017 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta sanya kula da lafiyar kai cikin rantsuwar likita. A 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958. Doka ta sauya, amma har yau da sunan Dawanau ake tsokanar mutum a Kano, shi ya sa ɗalibi ke gwammace shiru. Barin kashi a ciki kuwa ba ya maganin yunwa.

Ban ce duk mai wannan ciwo ya ajiye farar riga ba. Da yawa suna shan magani, suna duba marasa lafiya cikin ƙwarewa. Wajibin shi ne mutum ya faɗa wa kansa da likitansa gaskiya, sannan ya auna abin da zai iya ɗauka. Ni na auna, na ga aikin dare na tayar mini da ciwon, na koma fannin lafiyar al'umma, na kammala digiri.

Da na shaida wa Gwaggo, ta daɗe ba ta tanka ba. Can ta ce, "To, yanzu kana samun barci, ɗan nan?"